Darasi na Tara: Keke Yana Ta Juyi, Ina Ribar?

A darussan baya mun gama maganar zubi, da yadda ake karɓar rance daga akwati, da yadda ake rabo idan shekara ta zagayo. Yau maganar ɗinki da saƙa za mu yi, domin can ne da yawa daga cikinmu muke kai kuɗin da muka ranta. Kafin a zauna, a tanadi ƙwayar wake ko tsakuwa guda hamsin, da gwangwanin madara uku da babu komai a ciki. Wata kuma ta zo da abu ɗaya da ta yi da hannunta, ko hijabi, ko faifai, ko hula. Wadda ta iya karatu ta karanta da ƙarfi, a hankali, ta tsaya duk inda aka ce a tsaya.

Wannan tsari na ajiya da rance da muke bi, a ƙasar Hausa aka haife shi. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a yankin Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, da sunan Mata Masu Dubara, kuma a kan adashin da iyayenmu suka saba aka ɗora shi. Daga can ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. To kun ga tara kuɗi kam mun gada. Inda muke yawan tuntuɓe shi ne bayan kuɗin ya fito daga akwati ya shiga sana'a. Ni ma a nan na faɗi, kuma labarin faɗuwar tawa zan fara ba ku.

Hijabi arba'in

A shekara ta biyu ta ƙungiyarmu, da aka yi rabo, mu shida muka haɗa kuɗinmu muka sayi keken ɗinki na ƙafa, Butterfly. Ba sabo ba ne, amma yana da lafiya. Mu biyu ne muka iya taka shi, ni da ƙanwar maigidana. Sauran huɗun suka ɗauki yanka, da kalmasa, da guga. Ba mu yi wata biyu ba sai ga aiki ya zo: wata Islamiyya a ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu tana son hijabi arba'in na 'yan mata, launi ɗaya, iyaye ne za su biya kowa ya karɓi na 'yarsa. Ranar har guɗa aka yi a gidanmu.

Da aka tambaye mu farashi, ga yadda muka yi. Mun ji cewa a gari ana sayar da irinsa naira 3,800. Muka ce mu sababbi ne, mu rage don a san mu, muka yanke 3,500. Kowane hijabi yana cin yadi biyu, yadi ɗaya 1,500, wato 3,000 ke nan. Muka ce ashe ribar 500 ce a kan kowanne, sau arba'in, naira 20,000. Lissafinmu ke nan gaba ɗaya, a tsaye muka yi shi a ƙofar ɗaki. Muka ranci 120,000 daga akwati da sunayenmu mu shida, na wata uku, muka sayo yadi tamanin.

Aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Amma da ranar biya ta zo, masu makulli uku suka buɗe akwati, muka zube kuɗinmu a tabarma, masu ƙirga suka ƙirga sau biyu, sai ga 115,500. Ko uwar kuɗin ba ta cika ba, saura 4,500, balle abin da dokar ƙungiyarmu ta ɗora wa mai rance. Iyaye bakwai ba su biya ba, kuma dukansu mutanen da muka sani ne, wasu ma 'yan uwa. Kajina biyu na sayar a wannan makon don mu fita kunya.

Akwai dattijuwar da muke kira Gwaggo, ita ce mafi tsufa a cikinmu, ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta shekara fiye da talatin tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Bayan an tashi ta kira ni gefe.

"Ke 'yar nan, kwana nawa kuka yi a kan keken nan?"

"Kwana goma, Gwaggo."

"To wa ya biya ku kwana goman?"

Na yi shiru.

"Motar da ta kai ki gari sayen yadin fa, kyauta direban ya ɗauke ki? Zaren fa, a bishiya kuka tsinko shi?"

Wallahi sai a lokacin na tuna cewa kuɗin mota daga bakin zanena ya fita, zare da roba ƙanwar maigidana ce ta saya da kuɗin awararta, gawayin guga kuwa na girki muka riƙa ɗiba. Ba wanda muka rubuta, don ba mu ɗauke su kuɗin sana'a ba.

Lissafi da wake

A nan mai karatu ta tsaya, a shimfiɗa hijabin a tsakiya, a ɗauko waken. Kowace ƙwaya naira 100 ce. Lambobin da zan faɗa na lokacinmu ne, kuma na daidaita su don ƙirga ta yi sauƙi. Farashi yana canjawa kusan kowace kasuwa, saboda haka bayan kun gama da nawa, ku sake yi da naku.

Ku ajiye ƙwaya talatin a kan hijabin, kuɗin yadi ke nan. Zare da robar fuska sun ci 150, gawayi da man keke 50, ku ƙara ƙwaya biyu. Mota zuwa da dawowa ta ci 4,000, idan aka raba wa hijabi arba'in kowanne ya ɗauki 100, ku ƙara ƙwaya ɗaya. Keke kuma yana tsufa. Allura tana karyewa, bel yana tsinkewa, wata rana sai an kira mai gyara, don haka kowane ɗinki ya bar wa keke nasa, ƙwaya ɗaya. Ku ƙirga. Talatin da huɗu, wato 3,400, kuma har yanzu ba a biya hannun kowa ba.

Mu kuwa a talatin da biyar muka sayar. Ƙwaya ɗaya tal ta rage a kan kowane hijabi. Da a ce duk iyayen sun biya, naira 4,000 za mu raba mu shida, ladan kwana goma.

Yanzu ladan hannu. Nan ne mata suke jin nauyi, suna cewa ai a gida nake zaune, ai ba wani aiki nake yi ba. Yaya, kina yi. Lokacin da kika zauna a kan keke, surfen da ake biyanki ne kika bari, ko ɓarar gyaɗa, ko awarar da za ki soya. Hanya mai sauƙi ta sanin ladan ɗinki ita ce ki tambayi abin da tela yake karɓa idan an kai masa yadi an ce ya ɗinka kawai. A lokacinmu 500 ne. Ku ƙara ƙwaya biyar. Talatin da tara. Daga nan ne riba take farawa, abin da ya hau kan 3,900. Idan muna son ribar 300, farashin hijabinmu 4,200 ne.

Na san abin da za ku ce, don mu ma mun faɗa: to wa zai saya a 4,200 alhali a gari 3,800 ne? Gaskiya ne, ba mai saya. Wake ba ya ƙara wa kaya farashi, nuna miki kawai yake inda kuɗin yake zurarewa. Da muka duba tulin namu, sai muka ga ƙwaya talatin cikin talatin da tara duk yadi ne. Telan gari ba yadi-yadi yake saya kamar mu ba, bandir yake sarowa, shi ya sa nasa ya fi araha kuma yana cin riba. A zagaye na gaba muka haɗa kai da ƙungiyoyi biyu na ƙauyukan kusa, aka tura mace ɗaya tare da ɗanta zuwa Kantin Kwari a Kano, aka saro bandir, aka raba kuɗin mota uku. Yadi ya sauko mana 1,200. Ku cire ƙwaya shida daga tulin. Talatin da uku ke nan, har da ladan hannu a ciki. Muka sayar 3,700, ƙasa da na gari, da ribar 400 ta gaskiya.

Idan sari bai yiwu ba, akwai wata hanyar: mai kaya ya kawo yadinsa, ku karɓi kuɗin ɗinki da na zare kawai. Abin da za a samu kaɗan ne, amma ba ku ci bashi ba, ba ku da abin asara. Idan kuwa kun juya lissafin ta ko'ina bai fita ba, ku ba da haƙuri ku bar aikin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mun taɓa mayar da aikin zanen gado saboda haka, an ce mun cika tsada, ba mu mutu ba.

Mai saƙa fa?

Masu faifai da tabarma da mafici za su ce wannan lissafin na masu keke ne, mu kabarmu a daji muke yankowa, duk abin da muka samu riba ce. Ni a ganina ku kuka fi bukatarsa, domin ku jarinku lokaci ne, shi kuwa ba a ganinsa yana fita. Ki ƙirga yinin da aka yi ana neman kaba, ga shi goruba tana ƙara nisa da gari a wurare da yawa. Ki ƙirga shanya, da tsagawa, da kuɗin rini, da yammacin da kika yi kina saƙa. Idan faifai ɗaya ya ci miki yammaci uku, rini ya ci 100, dillaliya ta ba ki 600, to kowane yammaci bai kai naira 200 ba. Ki auna shi da abin da za ki samu a wata sana'ar. Wataƙila ki ga ya yi miki, tunda kina yi kina hira, kina duba yara. Wataƙila kuma ki ga gara ki rage yawa ki ƙara kyau, ki yi mai ado irin wanda ake jerawa a ɗakin amarya, wanda kuɗinsa ya fi na faifan rufe ƙwarya nesa.

Masu ɗinkin hula su ma haka. Hula ɗaya mai aiki sosai takan ci makonni, ga ciwon ido da na wuya. Yawanci wani ne yake kawo zare da hular da aka zana, ya biya ladan hannu, ya kai birni. Ba na cewa ku yi faɗa da shi ko da dillaliya. Su ma suna biyan mota, suna ɗaukar kayan da wani lokaci ba ya fita. Amma ku san farashin da ake sayarwa a can. Ku aiki ɗaya daga cikinku kasuwar mako ta tambaya kamar mai saye. Mace ɗaya da faifai uku, abin da aka ba ta za ta karɓa. Mata goma sha biyar da faifai sittin masu girma ɗaya, su ake zuwa nema har gida, kuma suna iya cewa a ƙara.

Na ce masu girma ɗaya, kuma da gangan na faɗa. Mai sari ba ya son kaya wannan babba wannan ƙarami. Mu kwali muka yanka muka yi ma'auni na hijabi, ƙanana da matsakaita da manya, aka rataye a bango, kowace mai yanka a kansa take ɗorawa. Masu faifai sukan yanke kara ɗaya a matsayin faɗi, kowa ta auna da shi.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Rancenmu na wata uku ne, akwati ba ya jiran kasuwa. Wadda ta ranta a tsakiyar damina ta ɗinka kayan yara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kowa yana neman abin sawa a baki, kayanta za su kwana a jaka har ranar biya ta wuce. Ku ƙirga baya daga lokacin da kuɗi yake hannun mutane: kafin ƙaramar Sallah da babba, bayan kaka da ake yawan bukukuwa, da lokacin komawa makaranta. Ku ranta wata ɗaya ko biyu kafin nan.

Gwangwani uku

Yanzu a ɗauko gwangwanayen. Wannan dabarar Gwaggo ce, haka take yi da kuɗin ƙuli-ƙulinta tun kafin a haife ni. Duk kuɗin da ya shigo daga ciniki, kafin ki sayi ko magi, ki raba shi uku. Na farko uwar kuɗi, wato abin da zai sake sayo yadi da zare ya biya rance. Na biyu ladan hannunki, shi ne naki, ki yi cefane, ki sayi sabulu, ki yi biki, ba mai tambayarki. Na uku riba da rabon keke, daga ciki ake gyara, daga ciki ake ƙara zubi a akwati. Ku gwada da waken hijabin 3,700: nawa ya shiga kowane gwangwani? Mai karatu ta tsaya har sai an yi.

Gwangwani na farko shi ne wanda ake kai wa hari. Yaro ba lafiya, maigida ya ce ba ni dubu biyu zuwa ranar kasuwa, maƙwabciya ta haihu. Duk bukatu ne na gaskiya, ba na raina ko ɗaya. Amma don irin rashin lafiya da gobara da rasuwa muke zuba asusun taimako kowane mako, can za a nufa. Maigida kuwa, abin da na ga yana aiki shi ne a nuna masa gwangwanayen tun ranar farko, a gaya masa wannan na akwati ne, mata ashirin da biyar ke da shi, wannan kuma nawa ne. Namiji da yawa idan ya san wanda zai taɓa da wanda ba zai taɓa ba, ba ya matsawa. Wanda aka ɓoye wa komai shi ne yake zaton duk kuɗin da ya gani riba ce.

Sai bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a ƙauye ba za ki ce ba za ki taɓa bayarwa ba. Amma iyaye bakwai ɗin nan sun koya mana doka biyu. Duk aikin da aka ba mu, sai an ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi, kafin almakashi ya taɓa yadi. Kaya kuma ba ya fita daga ɗakin keke sai an cika. Da yake dokar ta ƙungiya ce, ba ta mutum ɗaya ba, ta sauƙaƙa mana baki. Ranar da matar yayan maigidana ta zo karɓar kayan Sallar 'ya'yanta ba cikon kuɗi, cewa na yi, "Yaya, da nawa ne ni kaɗai, ai ko tambaya ba za ki yi ba. Na mata ne, kuma ranar Laraba za a ƙirga a gaban kowa." Ta ɗan ɓata rai, washegari ta aiko da cikon. Daga cikin bakwai ɗin farko kuwa, huɗu sun biya bayan kaka, uku har yau muna gaisawa.

Keke ɗaya, mata shida

Kayan haɗaka yana da nasa ciwon kai, gara a yi maganarsa tun ana dariya. A ɗakin wa keke zai zauna? Wace rana ce ta wa? Idan mace ta ɗinka kayan gidanta, nawa za ta jefa a gwangwanin keke? Idan ɗaya ta yi aure wani gari ko ta ce za ta fita, yaya za a mayar mata da rabonta? Mu ba mu tattauna ko ɗaya ba sai da bel ya tsinke a hannun wadda ba ranarta ba ce, aka yi mako biyu ba a ga maciji. Ku sa magatakarda ta rubuta amsoshin a bayan littafin ƙungiya, kowa ta sa hannu ko ta dangwala.

Wani abin kuma da na gani a yawon da nake yi ƙauyuka: akan zo a koya wa mata talatin sana'a ɗaya a gari ɗaya, a raba kayan aiki, a ɗauki hoto, a tafi. Bayan wata shida kowa tana ɗinka hijabi, ba mai saye, wasu kekunan sun koma wurin ajiye kwanuka. Idan aka zo muku da tayin horo, ku karɓa da godiya, amma ku tambaya: wa zai sayi abin, a wace kasuwa, kuma wa zai gyara keken idan ya lalace? Ku nemi a rarraba, wasu ɗinki, wasu saƙa, wasu rini, ɗaya ko biyu kuma su koyi gyaran keke da kansu. Ƙanwar maigidana ta koyi sa bel da daidaita zare da tsabtace ƙwarya a wurin mai gyara a yini biyu, yanzu har daga wasu ƙauyuka ake kiranta, ana biyanta.

Aikin mako

Kafin zama na gaba, kowace mai sana'a ta zaɓi abu ɗaya da take yi, ta ƙirga shi da wake a gida kamar yadda muka yi yau: kayan aiki, mota, gyara, ladan hannu. Wadda ba ta rubutu ta ƙulla waken kowane kashi a ƙyalle daban ta zo da su. Mutum biyu kuma su je kasuwar wannan makon su tambayo farashin yadi a bandir da a yadi-yadi, da farashin faifai a hannun mai sayarwa. Wadda take da niyyar neman rance a zama mai zuwa don ɗinki ko saƙa, ita za ta fara baje nata waken a tabarma kafin a buɗe akwati.